Kafin a Sayi Jif ta Iyali, a Durƙusa a Leƙa Ƙarƙashinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari da ke cinye dukiyar magidanta da yawa ba tare da an cika tattauna shi ba, wato yadda muke zaɓen motar da muke kira jif. Masu sayenta don a san sun iso ba su ne a gabana ba, su da aljihunsu. Maganata a kan magidanci ne irina, ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi, wanda yake zaune a birni amma cibiyarsa tana ƙauye, yana neman mota guda wadda za ta kai yara makaranta ranar Litinin, ta kai iyali gaisuwa gida ranar Asabar, idan damina ta faɗi kuma ta jawo masa 'yar tirela ɗauke da taki ko injin ban ruwa zuwa gona, a kan hanyar da ba ta taɓa ganin kwalta ba.

Ni mazaunin Zariya ne, gonata kuwa tana can bayan Maigana, a ƙaramar hukumar Soba. Daga gida zuwa inda ake sauka daga titin Pambeguwa babu abin da ke damun direba sai ramuka, amma daga nan akwai tafiyar kilomita 11, farkonta burji, tsakiyarta jar laka, ƙarshenta kuma wata fadama wadda da rani ko mai keke yana ratsa ta, a watan Agusta kuwa sai mai rabo. Lokacin da na ajiye aiki aka biya ni kuɗin sallama, abin da na fara yi shi ne sayen jif 'yar Kwatano, kamar yadda har yau muke kiran motocin hannu na waje, duk da cewa tun farkon shekarar 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokinmu na tudu. Mota ce mai kyan gani, doguwa, kujerun fata har layi uku. Na zagaya ta sau biyu, na sa aka buɗe inji na saurari ƙararsa kamar na san abin da nake saurare, sannan na tambayi dillali ko za ta iya hanyar gona. Ya ce da ni, “Alhaji, wannan ko dutse ka nuna mata za ta hau.” Na biya, na yi mata addu'a, amma ban durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba, domin ranar farar shadda ce a jikina.

Damina ta farko ce ta tona asiri. Na ɗaura mata tirelar da wani mai walda ya haɗa mini, na ɗora buhu 8 na takin yuriya, ga uwargida da yara uku a ciki saboda za su wuce gaisuwa. Muna shiga fadamar na ji motar ta yi nauyi, na ƙara taka totur, inji ya yi kuka, laka ta riƙa tashi tana faɗowa a kan gilashi, amma ko taku ɗaya ba mu ƙara ba. Wani yaro mai kiwo da ya tsaya yana kallonmu shi ya fara gano abin da ni mai motar ban sani ba, ya ce, “Baba, ai ƙafafun baya ba sa juyawa.” Sai da aka sauke takin aka kai shi tudu a ka, aka kwance tirelar, sannan aka kawo bijimai biyu na huɗa suka fizgo mu, la'asar har ta yi sanyi. Washegari bakanikena ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ce in cire hula in kwanta kusa da shi. Ya haska tocila ya nuna mini tsakiyar cikin motar, inda ya kamata a ce doguwar farfela ta taso daga giya ta nufi ƙafafun baya. Babu ita, babu kuma alamar an taɓa sa ta, sai bututun salansa kaɗai. Ashe ƙafafun gaba ne kawai ke jan abin da na saya, kamar yawancin ƙananan motoci, kuma nauyin tirelar da ya danne bayanta ya ɗan ɗage gaban, ya rage wa tayoyin da ke aikin ɗan kamun ƙasar da suke da shi.

Ban kawo wannan labari don in ɗora wa dillali laifi ba, domin wataƙila shi ma bai taɓa leƙawa ba. Na kawo shi ne saboda kalmar jif ta rufe mana ido, duk motar da ta ɗan yi tsayi muka ga ƙofa a bayanta sai mu ba ta wannan suna, alhali a ƙarƙashin sunan akwai gini iri biyu da ba su da dangantaka sai ta kama. Iri na farko an gina su ne a kan shasi, wato wasu dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa kamar tsani, aka ɗora inji da giya a kansu, sannan aka kifa bodi daga sama, irin ginin manyan motoci da akori-kura. A nan ake samun Land Cruiser da Prado, da Lexus GX wadda 'yar ɗakin Prado ce da aka ƙara wa ado, da 4Runner, da Fortuner wadda aka ɗora a kan shasin Hilux. Iri na biyu ba su da shasi dabam, bodin ne da kansa yake ɗauke da komai, domin asalinsu ma daga ƙananan motoci aka samo su: Highlander da Lexus RX daga jikin Camry aka tsago su, CR-V kuma daga Civic. Waɗannan sun fi daɗin zama, sun fi sauƙin shan mai, sun fi biyayya a kwana, saboda haka ba raini ba ne a ce mota tana cikinsu. Sai dai idan hanya irin wadda taya ɗaya take faɗawa rami ɗaya tana sama ce, motar tana murɗuwa shekara da shekaru, ko kuma ana jan kaya akai-akai, to mai shasi ce take jurewa.

Ko sunan mota ma bai isa shaida ba. Nissan Pathfinder ta shekarun 2005 zuwa 2012 a kan shasi take, amma daga 2013 kamfanin ya sauya mata gini gaba ɗaya, ya cire shasin, ya sa mata wata irin giya mai sarrafa kanta wadda ake kira CVT. Ford Explorer ma ta bar shasi a 2011. Wanda ya ji maƙwabcinsa yana yabon abin da motarsa ta yi a daji, ya kamata ya tambayi shekararta kafin ya tafi neman mai irin sunanta.

Bayan gini sai tambayar ƙafa nawa ke ja. A Amurka, inda akasarin waɗannan motoci suke fitowa, kamfani yakan fitar da mota ɗaya kashi biyu, mai jan ƙafa biyu da mai jan huɗu, bodinsu ɗaya, fentinsu ɗaya, kuma mai jan biyun ta fi araha a can, don haka ba abin mamaki ba ne da take cika filayen dillalanmu. Hatta 4Runner da ake yi wa kirari da shiga daji, akwai da yawa da ƙafafun baya kawai ke jan su, musamman waɗanda aka sayar a jihohin kudancin Amurka inda ba a fama da dusar ƙanƙara. Rubutun 4WD ko AWD, mai nuna jan ƙafa huɗu, da ke manne a ƙofar baya ba hujja ba ne, domin ana sayar da shi a kasuwa a liƙa da gam. Hujja tana ƙasa. Idan motar irin su Highlander ce, a nemi farfelar da ta tafi baya da ƙullin ƙarfen da take shiga a tsakanin tayoyin baya. Idan kuma mai shasi ce, a duba ko akwai sandunan ƙarfe masu roba a wuya da suka shiga tsakiyar tayoyin gaba, sannan a duba cikin mota ko akwai ƙaramin sandan giya na biyu, ko maɓalli mai rubutun H4 da L4.

Wannan L4 ita ce giyar ƙarfi, kuma ita ce babban abin da ya raba masu jan ƙafa huɗu gida biyu. Motocin da aka rubuta wa AWD, irin su RAV4 da CR-V da Highlander, su da kansu suke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, abin da yake isa ga burji mai santsi da 'yar laka da yashin da bai yi zurfi ba, amma ba su da giyar ƙarfi. Ita kuwa a motocin Toyota masu shasi tana ninka ƙarfin da ke isa taya kusan sau biyu da rabi, tana kuma rage gudu daidai da haka, ta yadda mota za ta riƙa rarrafe a hankali tana jan kayanta daga cikin taɓo ko tana hawa gaɓar rafi ba tare da direba ya matsa wa inji ba. A fahimtata, wanda zai ja tirela a kan kwalta da burji bai buƙace ta ba, amma wanda zai ja tirela a cikin fadama ba shi da abin da zai maye gurbinta. Akwai kuma gargaɗi ga masu irin Hilux, waɗanda direba ne yake sa musu jan huɗu da hannunsa: da zarar an hau busasshiyar kwalta a mayar da su jan biyu, domin a kwana tayoyin gaba da na baya ba tafiya ɗaya suke yi ba, idan aka kulle su tare a inda ƙasa ba ta zamewa, ƙarafan ciki ne suke biyan bambancin.

Tsayin ciki daga ƙasa shi ma abin aunawa ne, da ma'auni ba da ido ba. Highlander ta 2008 zuwa 2013 tana da kimanin santimita 20, 4Runner mai jan huɗu ta 2010 zuwa sama kuma kimanin 24, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar da tarakta da manyan motocin ɗaukar hatsi suka haƙa wa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya ya san abin da santimita 4 take nufi. A tuna kuma cewa wannan awo na motar da babu kowa a ciki ne, da an cika ta da mutane sai ta zauna. Game da taya, ina mamakin masu sayen jif don ƙauye sannan su zaɓi mai faffaɗan rim da siririyar taya saboda ado, alhali naman tayar ne yake shanye duka idan an faɗa rami. Taya mai kauri, mai rubutun A/T a gefenta, wato ta kwalta da daji, ta fi amfani a laka fiye da yawancin kayan alatun da ake ƙara wa kuɗi dominsu. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna, domin sa sabuwa a gefe da tsohuwa a gefe yana wahalar da motar da ke jan huɗu. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen tayar: idan an ga 2319, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2019, ko da kuwa mai shago ya shafe ta da mai tana ƙyalli. Mutanen da hanyarsu ta rairayi ce, irin ta arewacin Jigawa da Yobe, su sun daɗe da sanin cewa rage iskar taya yana fitar da mota daga inda ƙarfin inji ya kasa, muddin za a mayar da iskar kafin a hau titi.

Ruwa kuwa babu jif da ta fi ƙarfinsa. Inji da iska yake aiki, idan bakin da yake shaƙar iskar ya nutse ya zuƙi ruwa, sandunan fistin ne suke lanƙwashewa nan take, gyaran kuma sai dai a sauke inji. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwar babban mutum yana iya ɗaga mota ya tafi da ita. Ni dai yanzu ƙa'idata ita ce in naɗe wando in shiga da sanda tukuna, idan na ji yana ture ni, in koma gindin bishiya in jira ya janye.

Yanzu sai batun ja, wanda a nan ne na ga mun fi yin sakaci, domin a wurinmu duk abin da mota ta iya motsawa da shi to ta iya jan sa. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta ja, yana rubuce a littafinta, kuma littafin yana samuwa a intanet ko da na motar ya ɓace. Amurkawa da laba suke awo, laba 1,000 kuwa kimanin kilo 450 ce. CR-V da yawancin RAV4 masu silinda huɗu iyakarsu laba 1,500, wato kilo 680. 4Runner mai injin V6, wato silinda shida, tana jan laba 5,000, kusan kilo 2,270. Highlander V6 ta 2008 zuwa 2013 ita ma tana kai wa laba 5,000, amma sai wadda ta fito daga kamfani da kayan ja, wato babban lagireto da ƙarin abin sanyaya man inji. Wadda ba ta da su iyakarta laba 2,000, kimanin kilo 900, ga shi kuwa daga waje ba a bambance su. Wannan adadi ya haɗa da nauyin tirelar kanta. Tawa da na kai ta sikeli babu komai a cikinta kilo 310 ta yi, saboda mai waldar bai yi rowar ƙarfe ba, idan aka ƙara buhu 8 na taki mai kilo 50 an kai kilo 710, wato an riga an wuce iyakar CR-V da kayan da kowa zai kalla ya ce ba su da yawa. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cur, haka ma buhu 10 na masara idan an dawo da kaka.

Abin da ya fi jan wuya ma shi ne tsayawa. Tirelolin da ake haɗa mana a bakin titi ba su da birki, duk nauyinsu a kan birkin motar yake sauka. A ƙasashen Turai tirela marar birki ba ta wuce kilo 750, a littattafan wasu motocin Amurka ma kilo 450 aka rubuta, ko da kuwa motar tana iya jan tan biyu idan tirelar mai birki ce. Wanda ya taɓa taka birki a gangara ya ji wani abu yana tura shi daga baya, ko akuya ta gitta masa a tsakiyar ƙauye ranar kasuwa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Yadda aka jera kayan ma yana da nasa hukunci: kimanin kashi 60 cikin 100 ya kasance a gaban tayoyin tirelar, ta yadda wajen kashi 10 na dukan nauyin zai sauka a kan mahaɗar. Idan kaya suka taru a baya, da an ɗan yi gudu sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya, tana ƙaruwa har ta juya motar. Maganin wannan idan ya faru shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a bar gudun ya mutu da kansa, domin danna birki da ƙarfi a wannan hali ƙara wa wuta fetur ne. Ita kuma mahaɗar, a ɗaure ta da ƙusoshi a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi ko ƙashin bodi. Na sha ganin wadda aka yi wa walda a ƙarfen bamba, babu sarƙar tsaro, babu fitila, babu ko jan ƙyalle, ana tafiya da ita bayan magariba.

Akwai wani lissafi kuma da ya shafi iyali kai tsaye. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da ta faɗi nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka, kuma a irin waɗannan motoci yawanci bai kai kilo 700 ba. Manya huɗu, yara uku, jakunkuna, buhun shinkafa na tsaraba, da nauyin da tirela ta ɗora a mahaɗa, duk daga cikin wannan adadi ake cire su. Kujerun layi na uku da suka ruɗe ni, na yara ne kawai, kuma da an buɗe su but ya ƙare, sai a koma ɗora kaya a rufi, abin da yake ƙara wa doguwar mota saurin kifewa idan aka kauce wa rami da gudu. Saboda haka ina ba da shawarar a nemi wadda take da na'urar hana zamewa, wadda Toyota ke rubuta wa VSC. Dokar Amurka ta wajabta ta a kan motocin shekarar 2012 zuwa sama, amma a tabbata fitilarta tana kamawa idan an murɗa makulli kuma tana mutuwa bayan inji ya tashi, domin akwai masu cire ƙwan fitilar don su ɓoye lalura.

Zafi shi ne yake kashe giya mai sarrafa kanta, jan kaya a hankali cikin yashi a watan Afrilu kuwa shi ne iyakar zafi. Man giya mai lafiya ja ne, wanda ya ƙone kuma ya koma ruwan ƙasa yana wari. Mai niyyar ja ya sa a ƙara masa ɗan lagireton man giya idan babu, ya riƙa saukar da giya da hannunsa a hawa da gangara, kada ya bar ta tana neman kanta, kuma ya zuba ruwan sanyaya inji na gaske a lagireto maimakon ruwan rijiya da ke cinye shi da tsatsa.

Duk da abin da na faɗa na yabon mai shasi, ba ita nake ba kowa shawara ba, kuma dalilina yana gidan mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. A ƙiyasi, RAV4 mai silinda huɗu tana shan wajen lita 10 a kilomita 100, Highlander V6 wajen 12, 4Runner 13 zuwa 14, Lexus GX mai V8 kuma 15 ko fiye, a cunkoson gari ma abin ya wuce haka. Magidancin da yake yin kilomita 1,500 a wata, bambancin lita 4 a kowace 100 yana nufin lita 60 ke nan duk wata, shekara kuma lita 720. Idan kwanakin da yake buƙatar giyar ƙarfi ba su wuce biyar ko shida a shekara ba, kuɗin wannan mai ya isa ya ɗauki hayar akori-kura ko tarakta a waɗannan kwanaki har ya yi saura. Surukina, wanda hanyar garinsu burji ce har ƙofar gida, Highlander mai jan huɗu yake hawa da tayoyi masu kyau, yana jan injin ban ruwansa, kuma ban taɓa jin an kawo masa shanu ba. Ba zan ɓoye ba kuma, a halin da wasu hanyoyinmu suke ciki, baƙar jif mai ƙyalli tana jawo idon da mai iyali ba ya so, wannan ma abin sawa ne a ma'auni. Masu sha'awar Prado mai injin 2.7 saboda sauƙin mai su ma su sani cewa silinda huɗu ne ke ɗauke da motar da ta kai tan biyu, tana da juriya, amma idan an cika ta aka ƙara mata tirela sai an yi haƙuri da ita a hawa.

Tunda yawancinmu ta hannu za mu saya, leƙen ƙarƙashin yana da amfani na biyu. A Kanada da jihohin arewacin Amurka gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin shasi daga ciki. Ana fesa masa baƙin fenti kafin a kawo shi kasuwa, don haka a tafi da ƙaramar guduma a ƙwanƙwasa, musamman wajen tayoyin baya inda mahaɗar tirela za ta zauna: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi shiru yana zubar da ɓawo. Akwai kuma motocin da ambaliya ta shanye, kamar dubban da guguwar Harvey ta nutsar a Houston a 2017, waɗanda kamfanonin inshora suke gwanjonsu da araha. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, a duba ramin safaya ko akwai busasshiyar laka. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba, duk yaron da ya iya waya zai iya bincika tarihinta a intanet, sau da yawa har da hotunan motar ranar da aka yi gwanjonta. Kada kuma a biya sai an fita da ita daga kwalta an sa giyar ƙarfi an ji ta shiga ta kuma fita, domin wadda aka shekara goma ba a taɓa ba takan ƙi motsi.

Iyayenmu sun kai Peugeot 504 ƙauyukan da ko yanzu ake jin tsoron hanyarsu, ita kuwa ƙafafun baya kawai ke jan ta. Abin da ya taimake su, ban da tsayin cikinta da laushin ƙafarta, shi ne tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, a wancan zamani kowane bakanike ya san ta, kayanta kuma har a kasuwar ƙauye ana samu. Wannan ma'auni bai tsufa ba. Kafin a sayi mota a shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a tambayi kuɗin shokozobanta da famfon mai da gilashin gaba, idan aka ce sai an aika Ladipo a Legas, to a san cewa ranar da ta lalace a bayan Maigana za ta yi mako a gindin mangwaro.

Ni daga ƙarshe na sayar da waccan da asara, na sayi 4Runner V6 ta 2008 mai jan huɗu, bayan na kwanta a ƙarƙashin guda biyar da tsohuwar riga da guduma. Na rage kayan tirelata zuwa buhu 6 a kowane zuwa, na sa mata sarƙa biyu da fitilun baya, zirga-zirgar cikin gari kuma na bar wa ƙaramar motar uwargida.

Ina roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi su waiwayi waɗannan ƙananan tireloli da suke ƙaruwa a hanyoyinmu, su zauna da ƙungiyoyin masu walda a fitar da ƙa'ida mai sauƙi a kan fitila da sarƙa da rubuta nauyin tirela a jikinta, da Hausa, tun kafin a fara kama mutane. Ƙungiyoyin dillalan motoci kuma su sa 'ya'yansu su riƙa rubuta wa kowace jif a gilashi ko ƙafa biyu ke jan ta ko huɗu, kamar yadda suke rubuta shekararta. Kai kuma, ya Edita, da za ka ware wani shafi ko da sau ɗaya a wata, ka gayyato ƙwararrun kanikawa su riƙa amsa tambayoyin masu karatu kafin damina ta kama, da ka taimaki magidanta da yawa da ke shirin karɓar kuɗin sallamarsu a bana.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, Ya kiyaye mu a hanyoyinmu.

Wassalam.

Naka,
Wani manomi mai karatunku,
Tudun Wada, Zariya.